Labarin garkata na wannan zagayen: jabel, wuƙar aure da tsoffin ledoji

Salamu alaikum 'yan'uwa masu koyon garka, ya sanyi ya aiki. Hunturu ya fara shigowa Maraɗi, duk wanda ya zuba irin tumatir tun watan Oktoba yanzu dashe ne gabanshi, nima haka. Tumatir ɗina ya yi ganye huɗu biyar cikin leda, tattasai yana biye da shi a hankali kamar yadda ya saba, lemun da na rena don aure, wato ɗaura mishi idon reshen wani itace a jikinshi, shi kuma karanshi ya kusa kaurin fensir. Amma ba labarin girma zan ba ku yau ba. Abin da ya ci mani lokaci a zagayen nan wankin kayan aiki ne, kuma ina so in faɗi dalili tun kafin wani ya ce ai wannan wahalar banza ce.

Mu nan komai sake amfani da shi muke. Ledar piyawata da aka rena iri bara ita za a zazzage a sake cikawa, bidon da aka yanka biyu, gwangwanin madara, tsohuwar tukunyar ƙasa da ta tsage, duk suna da aiki, kuma ban ga laifin haka ba don sabuwar leda kuɗi ce. Wuƙa ɗaya kuma ita ce ta aure, ita ce ta sassabe reshe, ita ce ta yanka dankali in za a shuka, wani lokaci ma da ita ake ɓare mangwaro a ci. Matsalar ita ce akwai cututtukan da hanyarsu kenan, ba iska ba ba ƙwaro ba, bakin wuƙa da hannun mai garka da guntun saiwar da ta maƙale a gindin leda.

Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne biroyid. Wani masani mai suna Theodor Diener ya gano shi a Amurka a 1971, yana binciken wata cuta da ke sa dankalin turawa ya fito siriri dogo, duk ya tsattsage. Kowa ya ɗauka birus ne, ashe abin bai ma kai birus ba, ɗan zaren RNA ne kawai, wato zaren da bayanin halittarshi ke jere a kai kamar haruffa, a naɗe kamar zobe, ko rigar furotin da birus ke da ita babu. Na dankalin nan harafi wajen 359 gare shi gaba ɗaya, alhali birus ɗin da ke sa ganyen taba dabbare-dabbare ya haura 6,000. To wannan na dankalin yana kama tumatir, yana kama tattasai, yana bin iri, kuma zafi yake so, ya fi hayayyafa in gari ya ɗumama, ku duba yanayinmu ku gani ko zai ji daɗinmu. A ƙasar Filifin wani ɗan'uwanshi ya kashe miliyoyin itatuwan kwakwa. Har masu noman wiwi a Kalifoniya, inda dokarsu ta yarda da shi, sun sha kuka da wani tun 2019, wanda asalinshi aka fara ganinshi jikin hop, tsiron da ake sa furenshi cikin giya. Mu nan wiwi doka ta hana kuma ba ruwanmu da shi, abin da ya ja hankalina a labarinsu kawai shi ne yadda cutar ta yaɗu: uwa ɗaya mai cuta da ba ta nuna komai ba, a yanko rassa ɗari a jikinta da almakashi ɗaya, a jera tukwane ruwan wannan yana gangarawa gindin wancan. Wallahi kamar wajen renon irinmu aka kwatanta.

Wanda ya fi shafarmu kai tsaye a ganina shi ne na lemu, wanda ke sa ɓawon gindi ya tsage yana ɓarewa, itacen ya tsumbure ya ƙi tsawo. Shi wannan wuƙar aure ce motarshi. Abin takaici kuma itace na iya ɗauke da shi shekara da shekaru lafiya lau a ido, sai an ɗauko idonshi an aura a kan gindin da ba ya jurewa sannan abu ya bayyana, shi ma ba nan take ba, sai bayan shekaru, lokacin ka riga ka sayar wa mutane ko ka cika garkarka da shi. Kuma ba maganin feshi, ku ji ni da kyau, babu wani gari ko ruwa a kasuwa da zai fitar da biroyid ko birus daga shukar da ta kamu. Mai shago zai iya miƙo maka kwalba, amma kuɗinka ne kawai za su tafi. Tugewa ce da ƙonawa.

To ga yadda na tsara aikina yanzu. Abu na farko wanki da sabulu, tun kafin a zo maganar jabel, ruwan nan mai wari da ake wanke farin kaya da shi. Na zazzage ledoji da bidoji, na goge su da soso cikin ruwan omo har sai ba sauran ƙasa, musamman can lungun gindi da wajen hujin da ruwa ke fita, nan ne farar saiwa siririya take naɗewa ta bushe ta manne, in ka sa farce sai ta ɓanɓaro kamar zare. Wannan guntun shi ne abin tsoro. Kuma jabel in ya haɗu da laka ko ruɓaɓɓen ganye ƙarfinshi a kansu yake ƙarewa, shi ya sa tsoma leda mai datti cikin jabel asara ce biyu.

Sai haɗin jabel ɗin. Abin da ake nema ruwan ya kai kashi 0.5 cikin ɗari na sinadarin kulorin da ke cikin jabel, don haka sai ka duba jikin kwalbarka tukuna don ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. In an rubuta 12°, wato wajen kashi 3.6 kenan, awo ɗaya na jabel awo shida na ruwa. In kashi 2.6 ne, awo ɗaya da awo huɗu. Wanda ake kawowa daga Najeriya wani yakan rubuta kashi 3.5, shi ma ɗaya da shida ne, in kuma ya kai kashi 5 ɗaya da tara. Wanda ake ɗurawa cikin tsoffin kwalabe ba rubutu ana sayarwa a rana, ni dai ban yarda da shi ba ga wannan aikin, don rana da zafi suna kashe jabel, yana iya zama ruwa mai wari kawai. Saboda wannan dalilin ne ma haɗin ba ya kwana, kullum sabo, a inuwa, daidai wanda zan yi aiki da shi. Ledoji da roba ina barinsu ciki kamar rabin awa a nutse, in ɗora dutse kar su taso, in ɗauraye da ruwa mai kyau in shanya. Tukunyar ƙasa ita tana shan ruwa cikin jikinta, na fi daɗewa da ita kuma ɗaurayarta sai an maimaita, in ba haka ba saiwar jariri za ta ƙone. Wadda na san shukar cikinta ta mutu da ciwon da ban gane ba, na cire ta daga harkar tumatir kwata-kwata, ta koma wajen ba kaji ruwa. Ku sa safar hannu ko ku ɗaura leda, kar a haɗa jabel da wani magani ko ruwan batir, kuma a kau da shi daga yara.

Wuƙa da almakashi su ne inda aikin yake da cin rai, don tsakanin kowane itace da na gaba ake so a tsoma, ba sai an gama layi ba. Dabarar da ta sauƙaƙa mani ita ce wuƙa biyu: ɗaya tana hannuna ɗaya tana cikin gwangwanin jabel, in na gama da itace ɗaya in musanya, kafin in ɗaure ido da leda in matsa gaba waccan ta yi fiye da minti ɗaya a ciki. Sai in girgiza ta cikin gwangwani na biyu mai ruwa zalla in share da tsumma mai tsabta. Jabel yana cin ƙarfe ba wasa, da yamma dole a wanke a busar a shafa ɗan mai, in ka bari da safe za ka tarar da bakin ya yi ja. Ga masu amfani da reza wajen aure, ku kun huta, sabuwa ga kowace uwa.

Nan sai na yi magana kan alkol da wuta, don na san da yawanmu abin da muka koya kenan, a shafa alkol ko a kunna ashana a gasa bakin wuƙa. Ga ƙwayoyin bakteriya alkol yana aiki. Ga biroyid ba ya yi, ba shi da rigar da alkol zai lalata, kuma masu binciken lemu sun daɗe da nuna cewa ɗan gasawar nan ta daƙiƙa biyu ba ta kashe na lemu. Don haka wuƙa tana ƙyalli ba ya nufin komai.

Akwai dattijon da garkarshi ke jikin tawa can bakin gulbi, Baba muke ce mishi, shi ya koya wa rabinmu aure, hannunshi in ya ɗaura ido da wuya ya ƙi kamawa. Da ya ga gwangwanaye biyu a gabana sai ya yi dariya ya ce ɗana asibiti ka buɗe? Na ce Baba ai ciwon da ake gudu ba ya nuna kanshi sai ya makara. Ya ce shi tun kafin a haife ni yake aure da wuƙar nan guda. Ban ja da shi ba, girmanshi ya wuce nan, kuma gaskiya ne yawancin itatuwanshi lafiya suke. Amma wuƙarshi a da garkarshi kaɗai ta sani, yanzu kuwa ido daga ko'ina yake zuwa, wani ya kawo daga Jiratawa, wani daga Madarumfa, wani ya tsallako da shi daga Katsina a aljihu, ba wanda ya san tarihin uwar. Abin da na iya yi, in ya aiko jikanshi aron almakashi ina bayarwa, hana aro a wajenmu abin kunya ne, sai dai in ya dawo ya kwana a wanke kafin ya taɓa shukata. Na ma ware tsohon almakashi guda na aro kawai.

Maganar taba kuma. Birus ɗin dabbare-dabbaren nan yana rayuwa cikin busasshiyar taba shekaru, kuma tumatir da tattasai danginta ne. Mai shan sigari ko mai sa garin taba a baki in ya zo taya ka dashe ko cire 'ya'yan reshe, hannunshi ya isa ya kai cutar. Sabulu kafin a fara. Wasu manoman tumatir a waje suna tsoma hannu da wuƙa cikin madarar gari marar maiƙo da aka dama da kauri, kashi 20 cikin ɗari, tana hana wannan birus ɗin kamawa, amma da tsadar madara a nan ni sabulu na riƙe, kuma ga biroyid jabel ɗin dai na fi amincewa da shi.

Ƙasar cikin leda ban sake amfani da ita ba ga dangin tumatir, na kai ta wajen zogale da albasa. Wadda zan yi aiki da ita baɗi na tara gefe, in Allah ya kai mu Afrilu da Mayu zan jiƙa ta in rufe da farar leda mako huɗu zuwa shida rana ta dafa ta. Wannan yana rage tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli da naman gwarin da ke kwantar da jarirai, amma kar ku dogara da shi ga biroyid ko birus ɗin taba, su zafin bai dame su ba. Na kuma ɗaga ledojin kan bulo da tsohon kwano mai huji don ruwan da ya fito daga wata kar ya kwanta gindin wata, kuma na daina barin bakin arozuwar, wato butar ban ruwa, yana gogar ganye.

Wani abu da nake so mu bambance, don kar gobe wani ya ce ya wanke komai amma tumatir ɗinshi ya nannaɗe. Nannaɗewar ganyen nan da muka fi gani, ganye ya yi ƙanana ya kifa sama gefenshi ya yi rawaya fure ya zube, yawanci farin ƙuda ne ke kawo ta, ɗan mitsitsin nan da ke tashi in ka girgiza shuka. Ita ba ta bin wuƙa, jabel ba zai hana ta ba, gidan sauro mai ƙananan ido a kan gadon iri shi ne nata. Kuma da ido kaɗai ba wanda zai rantse maka cewa wannan biroyid ne wancan birus ne wancan yunwar taki ce, alamun suna kama da juna, sai ɗakin gwaji. In kun ga abin da ya ɗaure muku kai ku ɗau hoto ku nuna wa malaman gona, ga INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, nan a Tarna ga kuma jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ba nisa.

A cikin nawa akwai 'yan ledoji da ban gamsu da su ba, sun tsaya cak sauran sun wuce su, ganyen saman ya cukurkuɗe ya ɗan yi shuɗi-shuɗi. Sanyi ma yana iya sa haka. Na kai su can ƙarshen garka bayan rijiya, su nake taɓawa a ƙarshe kullum bayan na gama da masu lafiya, daga nan sai wankin hannu. Na ƙara musu ɗan taki, in zuwa dashe ba su farfaɗo ba wuta za su sha har da ledarsu. Auren lemun kuma na ɗage shi sai sanyi ya ɗan sassauta ɓawo ya fara saki, kafin nan ina zagayawa ina duba gindin itatuwan da nake son ɗauko ido a jikinsu, duk wanda ɓawonshi ya tsage ko ya fi sa'o'inshi gajarta na tsallake shi ko da 'ya'yanshi sun fi na kowa zaƙi. Wanda ke da tsohuwar uwar lemun tsami mai lafiya wajen Tibiri ko Sumarana ya yi mani magana, zan zo da rezata.