Tankaɗe jerin ayyuka

Yau mun zauna tankaɗe jerin ayyukan manhajarmu. Kai jama'a, abin ya taru! Wasu buƙatun tun bara suke kwance, ba wanda ya tuna wa ya kawo su. Muka share su kawai.

A tsarin Scrum, wato hanyar da ƙungiya ke gudanar da aikinta zango-zango, mai kula da samfur (wanda alhakin manhajar ke wuyansa) ke jera ayyuka bisa muhimmanci, amma masu rubuta manhajar ne ke auna nauyin kowanne, tunda su za su ɗauka. Ayyukan saman jerin muka farfasa ƙanana yadda za su kammalu cikin zango ɗaya, wanda ba ya wuce wata guda. Nan gardama ta kaure, kuma ni na ji daɗinta. Na ƙasa kuwa mun bar su a dunƙule tukuna.