Zafin Bayan Firij: Inda Aikin Motata Ya Kwana

'Yan uwa masu koyo irina, sallama gare ku. Rabon da in ba ku labarin tsohuwar Toyota Hiace ɗin da nake mayarwa ɗakin tafi-da-gidanka tun lokacin da na gama gado da kabad ɗin girki. Wannan karon maganar firij ce, domin ita ta cinye min makonni uku cur, kuma na tabbata duk wanda ya kafa firij a cikin kabad ɗin katako a ƙasar nan zai tarar da abin da na tarar.

A hunturu na sa shi, a watan Janairu, kuma a lokacin babu abin da zan ce da shi sai san barka. Ƙaramin firij ne mai aiki da wutar batir bolt 12, kwamfaresarsa, wato injin da ke matsa gas ɗinsa, Secop BD35F ce, wadda tsofaffin masu gyara suka fi sani da sunan Danfoss. Na yi masa gida daidai jikinsa, har ina alfahari da cewa ko takarda ba za ta shiga gefe ba. Abin da ya rage tsakanin bayansa da bangon mota bai wuce santimita 2 ba. Da bazara ta kama a Afrilu muka tafi Yankari da iyali, muka kwana biyu. Ranar farko da azahar madarar yara ta fara ɗumi, kafin asuba kuma firij ya ɗauke gaba ɗaya saboda batir ya yi ƙasa. Naman da maiɗakina ta shirya sai da muka soye shi duka da safe don kada ya lalace.

Da muka dawo Kano na ɗauka gas ne ya zube, har na yi niyyar kai shi wurin mai gyara. Kafin nan sai na zura hannu ta bayan kabad, na ji wurin kamar bakin tanda. Na sayo ma'aunin zafi mai dogon waya, na maƙala kansa a bayan firij, na rufe mota a inda take kwana. Da ƙarfe uku na rana cikin mota yana digiri 41, bayan firij kuma 54. Na zauna da agogo ina ƙirga: a cikin awa ɗaya kwamfaresa ta yi minti 50 tana aiki. Tana jan kusan amfiya 4, to ku lissafa da kanku abin da za ta sha a yini da dare. Batir ɗina mai amfiya-awa 100 ne irin na dalma, wanda ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Sola ɗaya da ke kan rufi ba za ta iya cike wannan giɓin ba.

A nan ne na fahimci abin da ya kamata in sani tun kafin in yanka katako. Firij ba ya ƙera sanyi. Zafin da ke cikinsa yake kwasowa ya zubar ta ragar nan ta baya, kwandensa, tare da zafin da ita kanta kwamfaresa ke haifarwa. In iskar da ke kewaye da ragar ta riga ta yi zafi, gas ba zai huce da kyau ba, matsinsa ya ƙaru, kwamfaresa ta ƙara jan wuta, ta daɗe ba ta huta ba, wurin ya ƙara zafi. Haka abin zai yi ta zagayawa. Ku duba takardar da ke manne a jikin firij ɗinku, akwai harafin da ke nuna yanayin da aka yi shi dominsa: N har zuwa digiri 32, ST har 38, T har 43. Nawa T ne, mafi juriya ke nan, amma ni na jefa shi cikin 54.

Gyaran farko da na yi bai yi amfani ba, kuma shi na fi so in tsaya a kansa. Na ciro fankar tsohuwar kwamfuta mai milimita 120, na huda gefen kabad, na ɗaura ta tana hura iska ciki. Na ji daɗin jin ƙararta, na ɗauka magana ta ƙare. Washegari ma'auni ya nuna 51. Digiri uku kacal. Na yi kwana biyu ina tunanin ko fankar ce ba ta da ƙarfi, har na fara neman wadda ta fi ta.

Turaren tsinke ne ya warware min. Na kunna ɗaya na riƙe a bakin ramin, na haska tocila ta saman kabad bayan na cire murfinsa na aza gilashi a wurin. Hayaƙin ya shiga, ya bugi gefen firij, ya yi juyi biyu, ya dawo ya fita ta gefen fankar da ta tura shi. Ko kusa da ragar bai je ba. Iska ba ta da wata hanyar fita, don haka fankar tana ta dama iskar da ke wurin ne kawai. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa irin na da ya san dalilin 'yar tagar nan da magina ke bari can sama kusa da azara: iska mai sanyi ta shigo ta ƙofa, mai zafi ta hau ta fice ta sama. Hiace ɗina ba ta da bambanci da wannan ɗakin, ni ne na gina babu taga. Ina roƙonku, kafin ku sayi wata fanka ku gwada da hayaƙi. Tsinke ɗaya zai nuna muku abin da ma'auni ba zai faɗa ba.

Sai na kwance kabad ɗin. Na matso da firij gaba har aka samu santimita 6 a baya, wanda ya sa dole na sake yanka saman teburin girki, kuma na yi asarar falanki guda. Na ɗaga shi a kan katako biyu don iska ta bi ta ƙarƙashinsa, na buɗe doguwar kafa a ƙasan kabad daf da daɓen mota, inda iskar cikin mota ta fi sanyi, na rufe ta da ragar ƙarfe saboda ɓera da kyankyaso. A sama, daidai kan ragar firij, na buɗe wata kafar na mayar da fankar can, na juya ta tana zuƙo iska waje maimakon turawa ciki. Abin da ya fi kawo canji kuwa shi ne toshe gefe da gefen firij da soso, da sa ɗan siririn falanki a baya wanda ya matse hanyar. Yanzu iska ba ta da zaɓi, dole ta ratsa ragar kafin ta kai ga fanka. Da na sake kunna turare, hayaƙin ya shiga ta ƙasa ya miƙe sama tsaf ya fita.

Maganar haɗa waya gajeriya ce. A jikin akwatin lantarkin wannan kwamfaresa akwai baki mai alamar F wanda aka tanada don fanka. Jan wayar fanka ta tafi bakin da ke da alamar tarawa, baƙar ta tafi F, shi ke nan fanka za ta tashi tare da kwamfaresa ta tsaya tare da ita. Sharaɗin shi ne duk fankokin da ke kan wannan baki kada su wuce rabin amfiya, har da wadda ta zo da firij ɗin. Tawa an rubuta 0.15 a bayanta. In kun haɗa ɗan ƙwan fitila irin na LED a bakin D, akwatin zai riƙa gaya muku damuwarsa ta ƙiftawar ƙwan: sau ɗaya wutar batir ta yi ƙasa, sau biyu fanka ta yi masa nauyi, sau biyar akwatin ya yi zafi ya kashe kansa. Da na san da wannan a Yankari da ban zargi gas ba. Na kuma canza wayar da ke kawo wuta daga batir zuwa mai kaurin murabba'in milimita 4, domin tsawonta ya kai mita uku da rabi, kuma siririyar waya tana sa akwatin ya ga kamar batir ya mutu alhali da sauransa.

Bayan wannan, cikin mota 41, bayan firij 45. Kwamfaresa ta koma kusan minti 30 a awa da tsakar rana, da dare kuma ƙasa da 20. Batir yana kai ni asuba da ragowa.

Wata matsalar ta biyo baya. Kafar sama tana zubo iskar zafin ne cikin mota, daidai kan matashin wanda ya kwanta ta wannan gefen. Maiɗakina ce ta fara faɗa, kuma gaskiyarta. Na daɗe ina jin nauyin huda jikin mota, domin in ka yanka ƙarfe babu komawa, amma daga ƙarshe na kai wa wani mai gyaran jikin mota a unguwarmu. Na ce masa, "Malam, ina so ramin ya tsaya tsakanin ƙarafan nan biyu, kada a taɓa su." Ya duba ya ce, "Alhaji, ba matsala, amma a shafa jan fenti a bakin yankan kafin a rufe, in ba haka ba damina ɗaya tsatsa za ta cinye shi." Haka muka yi, muka sa murfi mai haƙarƙari masu kallon ƙasa don ruwa, muka zagaye da silikon. Ramin yana can sama, nesa da salansa, kuma ku ma ku kula da wannan sosai, domin hayaƙin inji ba abin da za a bari ya samu hanyar shiga wurin kwana ba ne.

Wasu za su ce me ya sa ban huda daɓen mota ba don in jawo iskar inuwar ƙarƙashi, kamar yadda masu irin wannan aiki a Turai suke yi. Na yi tunaninsa, kuma na san iskar can ta fi sanyi da rana. Ƙura ce ta hana ni. Hanyar ƙauyenmu ba kwalta, kuma ragar firij da ƙura ta lulluɓe daidai take da wadda aka rufa wa bargo. Ko a yanzu da iskar ke fitowa daga cikin mota, na tarar da ƙura ta fara kwanciya bayan mako biyu, shi ya sa na mayar da murfin kafar ƙasa mai cirewa da hannu, na ajiye ƙaramin burushin fenti a aljihun ƙofa.

Abin da ya rage shi ne gwajin damina. Ina so in ga ko ruwa mai iska zai kutso ta murfin waje, kuma na yanke wani ɗan falanki da zan riƙa toshe kafar da shi daga ciki idan hunturu ya dawo. Bangon motar da ke bayan firij ma har yanzu ƙarfe ne tsirara, yana ɗaukar rana in na faka ta wannan gefen. Na sayo soso mai fuskar azurfa zan manna masa ranar Asabar in Allah ya kai mu, sannan in sake aunawa da ƙarfe uku na rana kamar yadda na saba.