Godiyata ga yaran fili da duk wanda ya tsaya mini

Assalamu alaikum jama'a.

Alhamdu lillahi, an sallamo ni, ina gida. Hannun yana nan, ba a yanke ba. Na fara da wannan ne domin ita ce tambayar da ake ta yi wa ɗana a waya, wasu kuma nauyin yin ta suke ji, sai su yi ta kewaye-kewaye. Yatsu uku sun fara motsi, sauran biyun sai a hankali. Ɗan nawa ne yake rubutawa a wayarsa, ni ina faɗa, na kuma roƙe shi kada ya rage mini ko kalma ɗaya ko da saƙon zai yi tsawo.

Ba zan koma kan hatsarin motar da ya same mu a hanyarmu ta dawowa daga wasan ƙarshe na kofin ƙwallo ba. Kun ji, wasunku ma a gabansu aka yi, hotuna kuwa sun zaga Facebook tun kafin a fita da ni daga Ringim. Sauran da muke mota ɗaya raunukansu sun zo da sauƙi, duk sun miƙe, mun gode Allah. Ni dai na gaji, jikina duk a mace yake, ko ƙarar babbar mota na jiyo daga bakin titi sai gabana ya faɗi. Amma akwai nauyin mutane a kaina, in ban sauke shi ba barci ba zai yiwu ba.

Wanda bai taɓa rataya kalangu ba yana zaton hannun dama ne ke kiɗa, tunda shi ke riƙe da makaɗi. Dama bugu kawai yake yi. Maganar tana hagu. Hagun ne ke matse tsarkiya a hammata, ya ja murya ta hau, ya saki ta sauka, har kalangu ya kira sunan mutum da na ubansa ya ji ya waiwayo. Hagun nan ne ya karye. Da aka ce wannan karaya sai asibitin ƙashi na Dala, aka kwantar da ni a bayan mota cikin dare, wallahi ba mutuwa nake tsoro ba, kowa ya san tana tafe. Tsorona shi ne in farka in tarar an raba ni da hannun da ubana ya koya wa magana.

A cikin motar da ta kai ni Dala akwai wani yaro da ba ɗan garinmu ba. Golan garin da suka cinye mu ne a ranar. Duk wanda ke zuwa fili ya san abin da ke tsakanina da shi: ni na sa masa Rariya, tun wata shekara da aka zura masa ƙwallaye a filinmu, na yi masa take, yara suka ɗauka, har 'yan garinsu da shi suke kiransa. A ranar ma na kaɗa masa shi tun daga usur ɗin farko har aka tashi. Motarsu tana bayan tamu. Shi ya fara dirowa, ya cire jesin da ya ɗauki kofi da ita, ya ɗaure mini hannu, ya shiga motar asibiti ba wanda ya ce ya shiga. Ya ɗora hannun a cinyarsa ya tallafe, duk ramin da aka faɗa sai ya ɗaga shi sama kada ya bugu. Wajen Zakirai na ji numfashina yana yin sama, na ce masa, "Yaro, in na suma suka ce za su yanke, ka ce su jira in farfaɗo." Ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Yau Rariya ba za ta zubar ba." Yana faɗa yana kuka, babu riga a jikinsa, ga sanyin kaka. Bai saki hannun nan ba har muka wuce Yankaba, har aka turo gadon asibiti aka karɓe ni daga wurinsa. An ce sai da aka ɓamɓare yatsunsa domin sun sandare.

Na san al'adarmu ba ta son a tsaya a bainar jama'a ana lissafa wanda ya yi alheri, ana cewa a bar masa ladansa. Ni maroƙi ne, faɗin alherin mutane shi ne aikin da na gada, ba zan iya yin shiru a kan wannan ba. Ɗana, Allah ya tallafe ka yadda ka tallafe ni. Allah ya yi wa mahaifanka albarka, sun haifi mutum. Ranar da na sake rataya kalangu, kai zan fara yi wa take, kuma sabo ne.

Ubana kiɗan mahauta ya yi, da na 'yan dambe in kaka ta yi an share dandali. Da na fara kai kalangu filin firamare, manya sun yi mini faɗa, suna cewa ina za a kai kalangun Sarkin Fawa wurin yaran da ke guje-guje da gajeren wando. Lokacin nan ba a daɗe da kafa Kano Pillars ba, a 1990, sai ga jiharmu ta Jigawa a 1991, kowane gari yana son a san da shi, yara suna jin wasa a rediyo suna sare sandunan darbejiya suna kafa raga. Na ga damben yana ja da baya a wajenmu, samarin sun koma fili, sai na bi su can. A 2008 da Pillars ta fara ɗaukar kofin ƙasa, da kalanguna na shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ana Sai Masu Gida har murya ta dishe. Haka muka yi a 2012 da 2013 da 2014. Ranar da Ahmed Musa ya zura biyu a ragar Iceland a 2018, a ƙofar gidan kallo na kwana ina kiɗa, janareta ya mutu ba wanda ya tafi gida. Amma duk wannan bai kai mini daɗin filinmu ba, inda ake farawa bayan la'asar a tashi kafin magariba, a ɗauko alƙalin wasa daga wani gari don kada a ce ya yi son kai, yara su yi karo-karo su sayi jesin gwanjo, wani ya buga da but ɗin aro, wani da ƙafa. Karin da ake yi mini can naira ɗari ne, ɗari biyu, wata rana damin gero. Da shi na ciyar da gida.

Na kawo wannan ne saboda maganar da na daɗe ina ji, cewa 'yan ƙwallo 'yan zaman banza ne. Lokacin ambaliyar 2022, da kogin Haɗeja ya yi ambaliya ya cinye gonaki ya shafe filin namu, su ne suka kwana suna cika buhuna da yashi suna tare bakin gari. Ba a yaba musu ba. To ga ni, ni shaida ne a karo na biyu. Da aka ce ana neman jini kafin a shiga da ni tiyata, akori-kura guda ce ta tsaya a ƙofar asibiti da asuba, yaran garinmu da na garin da suka cinye mu a cakuɗe, wasu da ƙurar fili a ƙafarsu. Suka yi layi. Har ma'aikata suka ce ya isa, sauran su koma, suka ƙi tafiya suka zauna a ƙarƙashin bishiya har aka fito da ni.

Sannan maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi sa ni kuka. Ambulan ɗin kyautar kofi, ko buɗe ta ba su yi ba, kyaftin ɗin garin da suka cinye mu ya miƙa wa ɗana. Ragon da aka ba su, ranar Lahadi suka kai shi kasuwar Gujungu suka sayar suka kawo kuɗin. Yaran nan sun yi wata da watanni suna atisaye da yunwa don wannan rago. Kocinmu kuwa babur ɗinsa ya jinginar, bai gaya mini ba, a bakin matarsa uwargidana ta ji. Koci, na ji, kuma in Allah ya yarda babur ɗinka zai dawo ƙofar gidanka.

Ranka ya daɗe Dagaci, na ga aikenka, na ga kuma zuwanka da kanka. Allah ya ja zamaninka. Sarkin Fawa, kai da mahautan garinmu ba ku yar da zumuncin iyaye ba, romon ƙashi bai yanke a ɗakin jinyata ba. Allah gafarta Malam, limamin masallacinmu, kowa ya san ra'ayinka a kan kiɗa, ba ka taɓa ɓoye mini ba. Duk da haka ka hau mota ka zo Dala, ka zauna a bakin gadona, ka dafa kafaɗata ka yi mini addu'a, ka sa aka yi mini a masallaci ranar Juma'a. Ba zan manta ba. Direban da ya kai ni bai karɓi ko kuɗin mai ba. Likitocin da suka tsaya a kan hannun nan suka ce za su gwada kafin a yi maganar yankewa, da ma'aikaciyar jinyar da ke kirana Baba tana gyara mini matashi cikin dare, da mai shayin bakin asibiti da ya riƙa ba ɗana bashi bai san daga ina muka fito ba, Allah ya san ku ko da ban san sunayenku ba.

'Yan amshina da mai ɗan karɓi, kun yi zaman jinya, kun kuma girbe mini wake. Matan unguwa sun ba uwargidana kwasar adashi alhali ba layinta ba ne. Ita kanta uwargida ba a gode mata a waje, amma ta san abin da na gani.

Akwai 'yan uwa na jini a cikin birnin Kano, daga gidajensu zuwa Dala Adaidaita ɗaya ce. Na yi ta duban ƙofa. Wataƙila hidima ce ta yi yawa, kowa da uzurinsa, ban riƙe kowa ba. In biki ya tashi a gidajenku ku aiko kamar yadda kuka saba, in hannu ya yarda zan zo.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafarsa saboda ni, ka taka masa. Wanda ya ba da jininsa, ka ba shi lafiyar da ba ta yankewa. Wanda ya ba da kuɗi, ka ninka masa ta inda bai zata ba. Wanda ba shi da komai ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ka amsa masa tasa. Yaran nan na fili, Allah ka tsare ƙafafunsu, ka tsare su a hanya in za su wasa da in za su dawo, ka raba su da shaye-shaye da mugun aboki, ka ba su sana'a da mata nagari, ka fito da wani a cikinsu ya taka leda a inda duniya za ta gan shi. Ka ba marasa lafiyar da na baro a asibiti sauƙi, akwai waɗanda nasu ya fi nawa, wasu ba mai zuwa duba su. Ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Amin summa amin.

Kalangun ya tsage a hatsarin, kangon yana wurin masassaƙi, an ce zai gyaru, sai a sake masa fata da tsarkiya. Kafin nan ɗana ne zai riƙa zuwa fili da ƙaramin, ku yi haƙuri da shi, bai gama sanin taken kowa ba. Likita ya hana ni yawan zama da baƙi, don haka mai son zuwa dubiya ya bari sai bayan la'asar. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko za a yi 'yar sadaka da addu'a a ƙofar gida, ana gayyatar kowa, musamman yaran garuruwan nan biyu. Wanda kuma ya san ya ranta wa iyalina wani abu ina kwance, don girman Allah kada ya ji nauyi, ya zo ya gaya wa ɗana a rubuta.

Wassalam.