Takardun Kaka da ɗigon da ya narke

Sati uku ke nan ina fama da takardun marigayi kakanmu: wasiƙun ajami, takardun gonaki, da wani littafin bashi da gara ta ci gefensa. Na yi musu sikanin a 600 dpi (yawan ɗigon hoto a kowane inci) mai kala, ashe shafi ɗaya na A4 a TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoton, yana kai megabait 100. Kafin in ankara filas ɗina ya cika maƙil, ga Yaya yana ta kira daga Yamai wai a turo masa.

Dole in rage girman fayilolin, amma manhajojin kuɗi da dala suke magana, kuma duk wata. Shafukan intanet na kyauta kuwa, raina bai kwanta in ɗora musu takardar gado ba, balle datar da za su lashe.

Ƙanena ne ya nuna mini Ghostscript, manhajar da ke iya rage girman fayil ɗin PDF. Kyauta ce, ba ruwanta da intanet, sai dai umarni ake rubuta mata da hannu. Na mayar da shafukan PDF, na fara da zaɓin /screen, mai sauke hoto zuwa 72 dpi. Fayil ya yi shafal, har na fara murna. Ina buɗewa na ga ɗige-ɗigen haruffa sun narke, ba a rabe harafin "ba" da na "ta", jan tawadar wasali ta koma dishi-dishi. Sunan wata gona ma na kasa karantawa, ni da na yi noma a cikinta! Sai a /printer, 300 dpi, ɗigon ya tsaya daram.

TIFF ɗin na asali ban taɓa su ba, suna nan a ajiye. Yaya ya samu nasa jiya, ya bugo ya ce shafi na 14 a kife yake.