Toka ma tana magana, amma sai an iya sauraronta

Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne, gobara na tashi, hayaƙi ma bai gama lafawa ba za ka ji mutane sun yanke hukunci, wannan ya ce wayar lantarki ce wancan ya ce kai wani ne ya cinna. Alhali shi mai binciken gobara da aikinsa ke nan sai ya yi kwanaki a tsugune yana tankaɗe toka bai ce uffan ba.

Ba ya fara tambayar me ya jawo, sai ya gano daga ina ta tashi tukuna. Daga wajen da bai ƙone sosai ba yake farawa yana bi har inda ta fi cin kaya. Wuta sama take yi tana buɗewa, shi ya sa take barin tabo a bango kamar harafin V, gindin nan shi ake bi. Har ƙwan fitila ma shaida ne, in ya yi laushi yakan kumburo ta ɓangaren da zafi ya fito. Wayar jan ƙarfe kuwa sai zafi ya kai digiri 1085 a ma'aunin Celsius take narkewa, toh in aka ga ɗan ƙulli kamar dutsen ado a bakinta, alama ce da wutar lantarki a jikinta lokacin, amma fa ba shi ke nuna ita ta haddasa ba, ƙila gobarar ce ta cinye robar wayoyin suka haɗu.

In ana zargin da gangan ne, akwai karnukan da aka horar su sansano fetur ko kananzir, inda kare ya zauna a ɗebi tarkacen a rufe ruf a gwangwani sabo a kai ɗakin gwaji. Sannan a duba kyamara, a tambayi wanda ya fara gani, a leƙa maganar inshora da bashi.

Inda abin ya tsaya min a rai shi ne labarin Cameron Todd Willingham a jihar Texas ta Amurka. A Disambar 1991 gidansa ya ƙone 'ya'yansa mata uku suka rasu, masu bincike suka ce ga tabo a ƙasa kamar an kwarara mai, ga gilashi ya tsattsage, wai zafin man da aka zuba ne. Aka zartar masa da hukuncin kisa a 2004. Kuma wallahi gilashin nan yanzu an san ruwan 'yan kwana-kwana ne in ya sauka kan gilashi mai zafi yake tsattsaga shi haka. Tabon ƙasan ma, in zafi ya taru a rufi har komai na ɗakin ya kama lokaci guda, yakan bar irinsa ko ɗigon mai babu. Tun bayan wata gobara ta 1990 an gwada a birnin Jacksonville na jihar Florida, aka cinna wa kujerar wani kango wuta ba fetur, cikin 'yan mintuna ɗakin ya kama gaba ɗaya, tabon iri ɗaya sak da na gidan da ake tuhumar wani mutum a kansa, aka janye ƙarar.

A 1992 aka fitar da littafin ƙa'idar binciken gobara mai suna NFPA 921 a Amurka, kuma abin da ya fi burge ni a ciki shi ne an yarje wa mai bincike ya rubuta cewa ba a gano dalili ba, ya rufe fayil ɗinsa haka.