Gayyar jinga a garinmu

Ranar Alhamis da daddare bayan isha'i muna zaune a majalisa, ƙofar shagon mai cajin waya, sai ga mai shela ya biyo layinmu yana cewa, "Jama'a Bulama na gaishe ku, ya ce jibi Asabar duk namiji mai lafiya ya fito da shebur da buhu, za a ɗaga jinga." Ya faɗa sau uku ya yi gaba. Hirar ƙwallo da ake yi ta mutu nan take, kowa ya shiga lissafin yadda zai yi da noman gonarsa, don yanzu ne ciyawa ke neman fin ƙarfin gero.

Garinmu ƙarami ne a ɓangaren Auyo, bakin kogin Hadejia, jingar nan ita ce tsakaninmu da ruwa. Wanda ya ga damunar 2022 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ni a ajin firamare na kwana da iyalina kusan sati uku, ga sauro ga kukan yara, ɗakunan ƙasa kuwa kana tsaye za ka ji dim, katanga ta zauna. Rumbun mahaifina da shi ruwa ya tafi. Shinkafar da ta fara nuna a kwale-kwale aka riƙa shiga ana tsinko kanta, wadda ba ta kai ba shi ke nan. Kuma ba mu kaɗai ba ne, daga Ringim zuwa Miga, Kafin Hausa, Kirikasamma har Guri kowa da abin da ya gani, ga kuma ta 2020 da ba a gama farfaɗowa daga ita ba.

Idan ruwa ya zo abin da kowa ke faɗa shi ne an sako Tiga. To gaskiya ne kogin namu daga Kano yake tahowa, ruwan dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa na 1992 duk ta nan suke bi su wuce Nguru da Gashuwa, amma ni dai a ganina mun fi yawan kallon nesa alhali babbar matsalar tana nan gabanmu, wato kachala, doguwar ciyawar nan da ke fitowa a cikin ruwa. Baffana yana ba mu labari cewa suna samari kogin nan ƙafewa yake da rani, da ƙafa suke tsallakawa a kan yashi, duk ciyawar da ta fito rana ta ƙone ta. Tun da aka yi dam ruwa ya daina yankewa, mun samu noman rani, alkama da shinkafa da albasa, Alhamdulillahi babu mai raina wannan, sai dai ita ma kachala ta samu abin da take so. Ta fi tsayin mutum, ta cushe hanyar ruwa, laka da yashi suka taru a gindinta, kogi ya cike. Ruwan da ya rasa hanya ina zai nufa in ba gari ba? Ga tsuntsayen jan baki da ke kwana a cikinta su wayi gari a kan shinkafa, yara su yini suna kaɗa gwangwani.

Asabar tun da aka fito daga asuba mutane suka fara gangarawa, kafin hantsi wallahi wajen ya cika har abin ya ba ni sha'awa. Masu amalanke sun ɗaura wa shanu suna jido ƙasa daga tudu, matasa biyu-biyu ɗaya ya riƙe bakin buhu ɗaya yana zubawa, wasu na ɗaurewa, 'yan acaɓa suna ɗora buhu a baya su kai can ƙarshen da amalanke ba ta iya shiga. Buhunan ma yawanci na taki ne da na siminti da aka tattaro gida-gida, sauran kuma 'yan uwanmu da ke ci-rani a Kano da Abuja da Legas ne suka haɗa kuɗi ta zauren WhatsApp na gari, aka cire wajen mai POS aka sayo a Hadejia. Allah ya saka musu, wasunsu turin baro suke yi amma ba su ce babu ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai Baffa ne. Mutumin da ko masallaci sai da sanda, sai ga shi a kan jinga yana tafiya a hankali yana caka sandar nan a ƙasa. Na ce, "Baffa don Allah ku koma inuwa ku zauna, ai mun isa." Bai ko kalle ni ba ya ce, "Zo nan ka gani." Ya tura sandar a gefen jinga ta shige kusan rabi babu wata turjiya. Ramin gafiya ne. Ya ce ku kuna ta jibga buhu a sama, shi ruwa ta irin wannan yake fara tsiyaya, cikin dare ɗaya ya rarake cikin sai dai a ji ta ɓalle. Haka muka bi shi a baya mu huɗu, inda duk ya nuna mu tone mu cika da laka mu daddale da taɓarya. Da ba ya nan da mun rufe ramukan nan da buhu mun tafi gida muna murna.

Wajen azahar mata suka aiko da kunun tsamiya a bokitai da ɗanwake, wani gidan dambu, 'yan mata suka jero da kwanuka a ka. Aka zauna gindin giginya ana ci, mutum biyu da na san sun fi shekara ba sa ga maciji saboda iyakar gona na gan su hannu a kwano ɗaya.

Amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kuma na faɗa a wajen. Me ya sa kullum sai damuna ta zauna muke tuna jinga? Ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, shanu na zamewa, mutum hankalinsa rabi a gona. Da bayan an gama girbin alkama aka yi gayyar nan, lokacin ƙasa a bushe mutane ba aiki, da kwana biyu ta ishe mu, kuma sabuwar ƙasar ta samu ta zauna kafin ruwa. Sannan masu fasa jinga da rani su wuce da tiyon injin ban-ruwa, su gama su naɗe kayansu su bar wajen a buɗe, wannan ba daidai ba ne ko ɗan uwana ne ya yi, wurare uku muka tarar haka. Bulama ya ce za a zauna a kai da liman da sarkin noma, kuma za a tura wa garin da ke tsallake su ma a yi magana, don idan mu muka ɗaga tamu su ba su ɗaga ba, ruwan a kansu zai koma, kuma can ma 'yan uwa ne, ƙanwata can take aure.

Mun tashi la'asar sakaliya hadari na haɗowa daga gabas, an gama daga makabarta zuwa mashayar shanu. Saura ɓangaren bayan makaranta, wanda nan ne ya ɓalle a 2022, an sa Asabar mai zuwa. Wanda ke da tsohon buhu ko na taki ne ya kai ƙofar gidan Bulama kafin Juma'a, igiyar ɗauri ma ta ƙare.