Kaftanin da Ya Hana Ni Mutuwa

Shekaranjiya a teburin mai shayi ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa, wai in kalli wasu samari sun tsaya ƙyam gaban bindiga a kan malaminsu. "Kawu, mutum zai ba da ransa a kan ƙarya? Ni ma a kan Malam sai dai a ɗauki gawata." Take shayin ya fita raina. Da bakina na taɓa faɗin wannan magana.

A 1980 ina ɗan shekara goma sha tara, ina koyon ɗinki a Fagge, cikin Kano. Tsakaninmu da 'Yan Awaki, inda Muhammadu Marwa Maitatsine ya tara almajiransa, ba nisa. Wa'azinsa bai taɓa shiga kaina ba. Ta yaya zan yarda keke haram ne, alhali kuɗin keke nake tarawa? Almajiran ne suka tafi da ni. Ranar 18 ga Disamba da aka kara a filin Shahuci, labari ya cika gari cewa 'yan sanda da bindigoginsu sun ja da baya gaban masu kwari da baka da wuƙaƙe. Na ce a raina, in babu gaskiya a wurin nan, wa ya cire musu tsoro?

Da a raina na bar ta, da sauƙi. Akwai abokina, ɗan ƙauyenmu, shago ɗaya muke kwana, yaro mai sanyin hali. Kwana biyu ina hura masa kunne har muka yi alkawarin shiga tare. Da asuba ya tashe ni, cikina ya ɗuri ruwa, na ce ya yi gaba, zan biyo shi in na gama wuyan wani kaftani. Kwana goma na yi a kan wuyan kaftanin nan. Ƙarshen wata sojoji suka shigo, Marwa ya mutu, kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 aka rasa. Ko gawar abokina ba mu gani ba.

Wani lokaci nakan ce ai da ƙafarsa ya tafi, ban ɗaura masa igiya ba. Kuma zamanin kuɗin mai ne, masu Marsandi suna watsa mana ƙura, mu 'yan ci-rani ba mai ɗaukarmu mutane, duk wanda ya tsaya bai gudu ba dole ya burge mu. Yaro ne ni. To amma shi ma yaro ne, kuma ni ne mai bakin. Mahaifiyarsa duk sallar da na je gida sai ta tambaye ni ko na ji labarinsa, har ta koma ga Allah ban gaya mata wanda ya zuga shi ba.

Na so in jero muku shawara goma, biyu na samu. Mutuwar mutum a kan abu tana nuna ya yarda da shi har zuci, iyakarta ke nan. A yaƙin Yamama mutanen Musailama, mai da'awar annabta, dubbai sun mutu cikin gonar da suka fake, mahaddata daga sahabbai su ma sun faɗi da yawa. In jini ne alƙali, wa za a ba gaskiya? Almajiran Marwa sun sake nuna taurin ran nan a Bulunkutu 1982, Jimeta 1984, Gombe 1985, bai halatta musu komai ba. Ka auna hujjar malaminka kamar ba wanda ya taɓa mutuwa a kanta.

Na biyu, kada ka zuga ɗan kowa. In wauta za ka yi, yi kai kaɗai. Kai, kada ma ka yi. Ban kuma ce ka zama matsoraci irina ba, har gobe ina jin kunyar asubar nan, ko da yake albarkacinta nake goyon jikoki. Ku kuma yaran yanzu, sallar asuba sai an kusa ɓalle ƙofa, amma a Facebook kowa shahidi ne, data na ƙarewa jihadi ya tsaya.

Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanwata. Ya ce, "Kawu, zamaninku daban, namu daban." Ya karɓi wayarsa, ya bar ni da biyan kuɗin shayi.